Amsoshin Wasiƙunku: Tarihin Gwajin Maganin Sanƙarau a Ƙasar Hausa

A wannan mako wasiƙu uku ne suka zo mana a kan magana guda, don haka muka haɗa su za mu amsa gaba ɗaya. Ta farko daga wani manomi ce a Bungudu, yana tambaya wai shin gaskiya ne likitoci na gwada sabon magani a jikin mutane, kuma tun yaushe aka fara haka? Ta biyu daga wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwar Tsafe, shi kuwa labarin abin da ya faru da yaran Kano a shekarar 1996 yake so, domin ya ce ya ji shi iri-iri. Ta uku wata Hajiya ce daga Gusau, ta ce ita dai a gaya mata ko ta bari a yi wa jikokinta allurar sanƙarau ko kuwa ta hana.

To, Malam na Bungudu, da kai za mu fara. Gaskiya ne, ana gwadawa. Duk wani maganin asibiti na ƙwarai da ka taɓa sha, sai da aka gwada shi a jikin waɗansu mutane kafin ya iso gare ka. Kuma hanyar gwajin kai ma ka san ta. Dattawan da suka ga zamanin aikin gona na Bankin Duniya a Gusau, a tsakiyar shekarun 1970, za su tuna yadda malamin gona ke raba fili biyu, ya shuka sabon iri a gefe guda, ya shuka na gargajiya a ɗaya gefen, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, noma ɗaya, sa'an nan da kaka a auna a gani. In da sabon irin kaɗai ya shuka, damina kuma ta yi kyau, ai ba wanda zai san ko irin ne ya yi albarka ko kuwa ruwan sama ne. Haka abin yake ga magani, domin marar lafiya sau da yawa kan warke da kansa, mai magani ya karɓi godiya.

Wanda aka fi ambata da fara wannan dabara shi ne wani likitan jiragen ruwan Ingila mai suna James Lind. A shekarar 1747 ya ɗauki matuƙa 12 masu fama da wani ciwo da ke sa dasashi ya kumbura yana jini, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane biyu magani daban. Waɗanda aka ba lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka miƙe. Sai bayan shekara 200, watau a 1948, aka fito da sakamakon wani gwaji a Ingila na allurar tarin fuka, inda aka bar wa ƙuri'a zaɓen wanda zai sami allurar. Cikin mutum 55 da aka yi musu, 4 suka rasu a wata shida, cikin 52 da aka ba hutu kawai kuwa 14 suka rasu. Hikimar ƙuri'a ita ce kada likita ya zaɓar wa maganin da yake so masu sauƙin ciwo, kamar dai yadda ba a barin mai hatsi ya zaɓi bakin buhun da za a soka.

Yanzu sai mu dawo gida. Sanƙarau ba baƙo ba ne gare mu. Likitocin Turawa sun rubuta ɓarkewarsa a Zungeru tun a watannin Fabrairu da Maris na 1905, kuma a farkon shekarun 1920 ya yi mummunar ɓarna a lardin Sakkwato, wanda Zamfara ke cikinsa. A 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana taswirar ƙasashen da cutar ta fi addaba, ya ga ashe ɗamara ce ta ratsa Afirka daga yamma zuwa gabas, mu kuwa muna tsakiyarta. Lokacinta sananne ne: daga hunturu zuwa bazara, in ƙura da zafi sun busar da hanci da maƙogwaro, jama'a kuma na kwana a cunkushe. Ruwan sama na sauka sai ta lafa. Ƙwayar cutar kan shiga ta numfashi ta kama mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, shi ya sa wuya ke sanƙarewa. In ba a yi magani ba tana iya kashe rabin waɗanda ta kama, wanda ya tsira kuma wani lokaci a bar shi da kurumta ko farfaɗiya.

A shekarun 1970 maganin da ake da shi yana aiki, amma da wahala: allura ce bayan 'yan sa'o'i, dare da rana, kwana da kwanaki. Ka duba asibitin ƙauye mai malamin asibiti ɗaya, a kawo masa mutum ɗari a mako guda, ina zai sa kansa? Nan ne likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka yi wani aiki da ya kamata a riƙa tunawa. Cikinsu akwai Dakta Sadiq Wali da wani Bature, Dakta Brian Greenwood. Suka gwada wani magani mai suna kuloramfenikol da aka haɗa da mai, wanda in an yi allurarsa sau ɗaya sai ya riƙa narkewa a hankali cikin jiki. Sakamakon da suka buga a 1979 ya nuna allurar nan ɗaya tana biyan bukata. Daga baya ita ce ta zama abin dogaro a ƙasashen ɗamarar nan duk lokacin annoba, shekara da shekaru. Marasa lafiyar da aka gwada ta a jikinsu mutanen ƙasar Zazzau ne, manoma da 'yan kasuwa irinmu, kuma alherin da ya fito daga wannan gwaji Allah kaɗai Ya san iyakarsa.

To, Alhaji na Tsafe, ga taka. Shekarar 1996 dai ba ta mantuwa. A watan Oktobanta aka ƙirƙiro jihar Zamfara, amma kafin nan, tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, aka yi annobar sanƙarau da ba a taɓa rubuta irinta ba a Nijeriya. Mutum 109,580 aka lissafa sun kamu, 11,717 suka rasu, ban da waɗanda aka binne a ƙauye ba a kai su asibiti ba. Ga kuma ƙyanda da amai da gudawa duk a lokaci ɗaya.

Ana cikin haka, wajen watan Afrilu, sai ma'aikatan kamfanin magunguna na Pfizer suka sauka a Kano daga Amurka, suka nufi asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana. Suna da sabon magani mai suna Trovan da suke neman iznin sayar da shi a ƙasarsu. Suka ɗauki yara wajen 200 masu sanƙarau suka raba su biyu. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka yi musu allurar seftiriyazon, wadda daɗaɗɗen magani ce mai kyau. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. Waɗansu cikin waɗanda suka rayu sun fito da kurumta ko shanyewar jiki ko taɓin ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan makonni baƙin suka tattara kayansu suka koma, annoba kuwa tana nan tana ci.

A nan ya kamata a yi adalci, domin na ji ana faɗin cewa wai ɗaruruwan yara maganin ya kashe. Ba haka lissafin yake ba. Yara 11 cikin 200 bai kai kashi 6 cikin 100 ba, alhali a annobar gaba ɗaya fiye da kashi 10 cikin 100 ne suka rasu. Kurumta da shanyewar jiki kuma sanƙarau da kansa yana kawo su. Da wannan kamfanin ya riƙa kare kansa, yana cewa cutar ce ta kashe yaran, kuma malaman jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki.

Amma a ganina inda gizo ke saƙar daban ne. Tun a 1947, bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaje-gwaje a jikin fursunoni lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka shimfiɗa ƙa'idoji a birnin Nuremberg, kuma ta farkonsu ita ce ba a gwaji a jikin mutum sai da saninsa da yardarsa. Ƙungiyar likitocin duniya ta ƙara jaddada haka a Helsinki a 1964. To, iyayen yaran Kano da yawa sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, kamfanin kuma bai iya fito da takardun da iyaye suka sa hannu ko suka dangwala yatsa ba. Daɗin daɗawa, a cikin asibitin nan dai, likitocin ƙungiyar Na-gari Na-kowa, watau MSF, suna ba da allurar kuloramfenikol ɗin nan ta Zariya kyauta. Uban da ya ɗauko ɗansa a kafaɗa wuya a sanƙare, da an gaya masa ga sananniyar allura can, ga kuma sabon magani nan da ba a gama saninsa ba, shi ke da ikon zaɓa. Wannan zaɓin ne iyayen suka ce an hana su. Bugu da ƙari, an rage yawan allurar seftiriyazon da ake yi wa yaran ɗaya ɓangaren zuwa kusan sulusin abin da aka saba. Kamfanin ya ce don a rage musu zafin allura ne kuma abin da aka ba su ya isa, masu ƙara kuwa suka ce an rage ne don sabon maganin ya fito da kyau. Ku 'yan kasuwa kun san abin da ake kiran mudun da aka lotsa wa gindi.

Maganar ta kwanta har watan Disamba na 2000, sa'ad da jaridar Washington Post ta Amurka ta tono ta. Nan aka gano cewa takardar da aka nuna ta amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, bayan gwajin aka rubuta ta aka sa mata kwanan wata na baya, domin a lokacin gwajin asibitin ba shi ma da irin wannan kwamiti. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, wanda a 2001 ya ce gwajin ya saɓa wa doka. Sai aka ajiye rahoton, bai fito fili ba sai a 2006, nan ma jarida ce ta fito da shi. Shi kuwa Trovan, Amurka ta ba da iznin sayar da shi ga manya a ƙarshen 1997, amma a 1999 aka taƙaita shi ƙwarai saboda yana lalata hanta, ƙasashen Turai kuma suka dakatar da shi. Ba a taɓa ba da iznin ba yara shi ba.

A 2007 gwamnatin Kano da ta tarayya suka kai ƙara. A 2009 aka sasanta da Kano a kan Dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 don iyalan yaran, miliyan 30 don ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai a watan Agusta na 2011, shekara 15 ke nan bayan abin, aka fara biyan iyalai huɗu Dala 175,000 kowannensu, bayan an yi musu gwajin ƙwayoyin halitta don tabbatar da dangantaka.

Asarar da ta fi kuɗin nan girma kuwa ita ce ta amana. A 2003, da aka yi ta yaɗa cewa an sa wa maganin rigakafin shan-inna abin hana haihuwa, jihohin Kano da Kaduna da Zamfararmu suka dakatar da rigakafin, kuma duk wanda ka yi wa musu sai ya ce maka, "To, na Kano fa?" Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indunisiya. Sakamakon haka cutar ta tsallaka daga Nijeriya zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka gurgunce a wannan tsakani ba su san Pfizer ba, ba su san Trovan ba, kuma babu wanda ya biya su diyya. Sai a watan Agusta na 2020 aka shaida cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna mai yawo a gari.

Abin lura shi ne gwaji bai tsaya ba bayan Kano, sai dai an gyara yadda ake yin sa. A watannin Maris da Afrilu na 2003, lokacin wata annoba a Nijar, likitocin MSF da hukumomin lafiyar ƙasar suka gwada allura ɗaya ta seftiriyazon da allura ɗaya ta kuloramfenikol a jikin mutum sama da 500 a asibitoci 9. Dalili kuwa shi ne kuloramfenikol mai mai ta fara wuyar samu, masu yin ta sun ragu. Sakamako ya fito kunnen doki: a kowane ɓangare kashi 9 cikin 100 ne maganin bai yi musu aiki ba. Wannan ya buɗe hanyar amfani da seftiriyazon lokacin annoba, kuma ita ce yau ake yi wa mai sanƙarau in an kai shi asibiti.

Sai rigakafi, inda Hajiya ta Gusau za ta sami tata amsa. Bayan annobar 1996, wadda ta kashe mutum wajen 25,000 a Afirka, ministocin lafiya suka nemi a samo allurar da za ta daɗe a jiki kuma talaka ya iya saye. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya mai suna PATH suka ɗauki aikin, wani kamfani a Indiya mai suna Serum Institute ya yarda zai yi kowace allura a ƙasa da rabin Dala. Aka fara gwada ta a jikin manya masu lafiya a Indiya a 2005, sa'an nan aka zo Mali da Gambiya, daga baya Senegal da Gana, mataki-mataki, ana bi da yardar iyaye da ta shugabannin gari. Sai da aka gama wannan duka aka ƙaddamar da ita da sunan MenAfriVac a Burkina Faso ranar 6 ga Disamba, 2010. Ta iso Nijeriya a ƙarshen 2011, Zamfara na cikin jihohin farko, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. A Cadi, inda aka auna tsakanin yankunan da aka yi allurar da waɗanda ba a kai gare su ba tukuna, sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin 100.

Na san abin da za ku ce: to, yaya aka yi na 2017? Tambaya ce mai kyau. Ƙwayar sanƙarau dangi-dangi ce, likitoci sun sa musu haruffa. Wadda ta yi ɓarna a 1996 ita ce mai harafin A, kuma ita kaɗai allurar 2011 ke tsarewa. Wadda ta ɓulla a ƙaramar hukumar Zurmi a ƙarshen 2016 kuwa mai harafin C ce. Kafin ta lafa a watan Yuni na 2017 an lissafa mutum 14,518 da ake zaton sun kamu a ƙasar nan, 1,166 sun rasu, kusan rabin masu kamuwar a Zamfara suke. Ka toshe wa ɓera rami ɗaya, ya fito ta wani. Don haka aka koma aka haɗa wata allura mai tsare dangi biyar, A da C da W da Y da X, aka gwada ta a jikin mutum 1,800 a Mali da Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Yulin 2023. Nijeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara yi wa jama'a ita, a watan Maris na 2024, a jihohin Jigawa da Bauchi da Yobe.

Saboda haka, Hajiya, allurar da ma'aikatan lafiya ke zagayawa da ita ta riga ta wuce gwaji, an gama da ita a jikin 'ya'yan waɗansu kafin ta zo kan jikokinki. Shawarata ki bari a yi musu. In kuma yaro ya tashi da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko jariri maɗigarsa ta kumbura, a nufi asibiti a ranar, kada a ce sai an ga kwanan gobe, domin cutar na iya gamawa da mutum cikin yini da kwana.

Alhaji ya ƙara da tambayar ko an taɓa irin wannan bincike a Zamfara kanta. An yi wani makamancinsa. A 2010, da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, likitocin MSF sun ba yaran wani maganin sha mai kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. A nan ba a raba yara biyu ba, domin ba a hana yaro mai wannan guba magani don a kwatanta. Abin da suka yi shi ne rubuta jinin kowane yaro kafin magani da bayansa, har aka tara bayanin zagayen magani 3,180 na yara fiye da 1,000, aka buga a 2014, likitocin duniya na karatu daga gare shi. Sun kuma nace cewa sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar tsakar gida tukuna, in ba haka ba yaro ya sha magani ya koma ya sake kwasa.

To, in wata rana aka zo maka da takarda aka ce ana son sa ɗanka cikin gwaji, ba abin gudu ba ne, kuma ba abin dangwalawa da sauri ba ne. Tun 2007 Nijeriya na da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, dokar lafiya ta 2014 kuma ta ƙarfafa su. Haƙƙinka ne a yi maka bayani da Hausa, a gaya maka sabon magani ne, da abin da ake tsoro game da shi, da maganin da za a ba ɗanka in ka ƙi. In ba ka karatun boko, a kawo wanda ka yarda da shi ya karanta maka ya zama shaida, a kuma ba ka taka takardar ka tafi da ita gida. Ka tambayi wane kwamiti ne ya amince, ko hukumar NAFDAC ta sani, wa za ka nema in wani abu ya faru cikin dare, kuma wa zai biya kuɗin jinya. Kana iya cewa a'a, kana kuma iya janye ɗanka a tsakiyar gwajin, ba wanda ke da ikon hana shi maganin asibiti saboda haka.

Wanda ya aiko da tambaya a kan ciwon noma da asibitinsa na Sakkwato ya yi haƙuri, tasa sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.